Sawun da ke kan Dutsen Sarandib

A bakin malaminmu na makarantar dare na fara jin sunan Sarandib, ina ɗan shekara tara ko goma. Idan an tashi daga karatu, wutar kara ta fara lafawa, yakan ba mu ƙissar annabawa. A nan ne ya ce mana da aka fitar da Annabi Adamu daga Aljanna, a kan wani dutse aka sauke shi a tsibirin Sarandib, Nana Hauwa'u kuma a Jidda, suka yi ta neman juna har Allah Ya haɗa su a Arfa. Ya ce sawun ƙafarsa yana nan a kan dutsen har gobe. A zuciyata ta yaro, Sarandib da Dutsen Ƙaf unguwarsu ɗaya, wurare ne na cikin ƙissa. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai jirgin da ke zuwa can ba.

Sana'a ce ta kai ni. Ina harkar duwatsu masu daraja, musamman shuɗin yakutun nan da ake haƙowa a tsaunin Mambila, wanda 'yan kasuwa ke kira safaya. Duk wanda ya daɗe a harkar ya san dutse mai kyau ƙarshensa ko Bankok ko Siri Lanka, inda ake gasa shi, a yanka, a goge. A Siri Lanka kuwa babbar kasuwar tana Beruwala, wani gari na bakin teku kudu da Kolombo, kuma Musulmi ne ke riƙe da ita. Mai masaukina a can dattijo ne da ya sha zuwa sayayya Najeriya, ya ci tuwonmu, ya sha sanyin Gembu. Ni ina ce masa Nana, don haka Musulmin can ke kiran wa ko wanda ya girme ka, shi kuma tun a gida ya koyi ce mini Alhaji.

Wata rana mun idar da Magariba a masallacin Kechimalai, wanda ke kan wani tudun dutse a bakin ruwa, muna kallon kwale-kwalen masunta suna dawowa, sai ya ce mini Larabawan da suka fara sauka a wannan gaɓa Sarandib suke kiran tsibirin. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Nana, to ina dutsen Annabi Adamu?" Ya nuna gabas da hannu. Ya ce su a harshensu na Tamil Bawa Adam Malai suke kiransa, mahaifinsa ya taɓa kai shi yana yaro, amma samarin Musulmi na yanzu ba su cika zuwa ba. Ya ce, "Alhaji, in kana so mu je, yanzu ne lokacinsa. Daga cikar farin wata a Disamba zuwa cikarsa a Mayu ake hawa. Bayan nan sai ruwa da iska."

Na kwana biyu ina shawara da zuciyata. Na san hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi don ziyarar ibada sai zuwa masallatai uku. Na kuma san Alƙur'ani bai ambaci inda aka sauke Annabi Adamu ba, maganar Sarandib ruwaya ce ta masu tarihi da wasu masu tafsiri. Sai na tsayar da niyyata tun kafin in ɗaga ƙafa: zan je in gani da idona, ba neman tubarraki zai kai ni ba, kuma goshina ba zai taɓa komai ba sai ƙasa a cikin salla. Da na gaya wa Nana haka, ya ce shi ma abin da mahaifinsa ya gaya masa ke nan.

Daga tashar Fot ta Kolombo muka shiga jirgin ƙasa zuwa Hatton. Jirgin yana barin zafin gaɓar teku da gonakin shinkafa da kwakwa, ya dinga kutsawa cikin tsaunuka har iska ta sauya. Daga nan ko'ina ka duba ganyen shayi ne, kore shar, an yi masa aski daidai wa daida, mata suna tsinka suna jefawa a buhun da ke rataye a bayansu. Na tuna gonar shayin Kakara ta Mambila, sai dai nan kamar an ninka ta sau dubu. Matan nan Tamilawa ne, jikokin leburorin da Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19, kuma har yau da yawansu a dogayen ɗakunan lebura na cikin gona suke zaune. Shayin da muke zubawa madara a teburin mai shayi, na ga hannun da ke tsinko irinsa. Daga Hatton bas ta ɗauke mu ta Maskeliya, ta bi gefen wata madatsar ruwa, ta sauke mu a Nallathanniya da yamma liƙis.

Da dare ya yi na fito daga masauki na ɗaga kai. Dutsen kansa ba a ganinsa, duhu ya haɗiye shi. Abin da ake gani jerin fitilu ne da ya tashi daga ƙasa yana lanƙwasa yana hawa, har ka kasa rarrabe fitila ta ƙarshe da tauraro. Tsawon dutsen mita 2,243 ne, bai ma kai Gangirwal na jihar Taraba ba, mai mita 2,419. Amma shi a tsaye yake ƙyam shi kaɗai, da tsini kamar kan tulu a kife, shi ya sa matuƙan jiragen ruwa na da suke gane tsibirin da shi tun daga nesa.

Ƙarfe ɗaya na dare muka kama hanya. Da farko tafiyar ba wuya, ana ratsa rumfunan masu sayar da hular sanyi, da alewa, da furen bado, da turaren tsinke. Sai a wuce ta ƙarƙashin wata babbar ƙofa ta dutse mai sassaƙe-sassaƙe, sai wata farar ƙubba da mabiya Buda na Japan suka gina a 1978 don roƙon zaman lafiya. Daga nan matakala ta fara, kuma ba ta ƙarewa sai a ƙololuwa. Sun haura 5,000.

Mutanen ƙasar ba sa hawa ɗaiɗai. Ayari suke yi, ƙauye guda ko dangi guda, duk cikin fararen kaya, kuma kowane ayari da madugunsa, wanda suke kira nade gura, dattijon da ya sha hawa ya san zango-zango da abin da ake yi a kowanne. Wanda bai taɓa zuwa ba sunansa kodu, kuma shi ake lallaɓawa kamar amarya. A wani rafi mai suna Sita Gangula, wanda ruwansa ke yanka hannu don sanyi, na ga suna wanka da tsakar dare suna goga lemon tsami a jiki kafin su ci gaba. A wani zangon gaba, Indikatu Pana, sababbin zuwa sukan soke allura su ja farin zare suna warwarewa a gefen hanya, don sun ce a nan Buda ya zauna ya ɗinke rigarsa da ta yage. Zaren shekara da shekaru ya taru ya lulluɓe shingen da itatuwan kamar saƙar gizo.

Akwai ladabin hanya da Nana ya koya mini tun a ƙasa. Ba a tambayar saura nawa a kai. Ba a kukan gajiya. Idan ka haɗu da wani, mai hawa ne ko mai sauka, abin da ake cewa shi ne "karunawai", wato fatan tausayi da rahama. Masu saukowa suna rera baituka suna yi wa masu hawa addu'a, masu hawa suna amsawa. Ban ji ko kalma ɗaya ta Sinhalanci, harshen mafi yawan mutanen ƙasar, ba, amma sautin ya yi mini kama da yadda mata ke amsa waƙe a gidan Maulidi, ɗaya ta ja, taro ya karɓa.

A cikin wani ayari na lura da wata tsohuwa da ba za ta kasa shekara tamanin ba. Ƙafarta ba takalmi. Jikokinta biyu samari suna riƙe da ita dama da hagu, ta taka matakala biyar ko shida ta tsaya, ta sake takawa. Mun wuce su, sun wuce mu, mun sake wuce su. A wata rumfa muka zauna tare, aka kawo mana ruwan zafi na furen beli da guntun zaƙin da suke dafawa daga ruwan wani irin giginya, ɗanɗanonsa kamar mazarƙwaila. Ta dube ni, baƙin mutum dogo da hula, ta tambayi Nana daga ina. Ya ce Afirka, Musulmi ne, ya zo ganin sawun Adamu. Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata abin da ta daɗe da sani, ta ɓare zaƙinta biyu ta miƙo mini rabi.

Abin da ya sa ba ta yi mamaki ba shi ne dutsen nan kowa da sunan da yake kiransa. Mabiya Buda, waɗanda su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen ƙasar, suna ce masa Siri Pada, sawu mai tsarki. Sun ce Buda ne ya taka wurin a zuwansa na uku tsibirin, bisa roƙon Saman, abin bautar da suke ɗauka shi ne mai tsaron dutsen. 'Yan Hindu Tamilawa suna ce masa Siwanolipada Malai, sun ce sawun abin bautarsu Shiwa ne. Musulmi suka ce na Annabi Adamu ne, wasu Kiristoci suka bi su a kan haka, wasu kuma suka ce na Toma ne, almajirin Annabi Isa da ake cewa ya kai bishara Indiya. Akwai ma wani tsohon suna, Samanala Kanda, da ake fassarawa dutsen malam-buɗe-littafi, saboda tarin da suke yi suna tashi zuwa wajensa a lokacinsu. Sarakunan ƙasar sun daɗe suna hidimar hanyar. Sarki Wijayabahu na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1055 zuwa 1110, ya ware ƙauyen Gilimale don ciyar da masu ziyara, kuma rubutun da ya sa aka sassaƙa a dutse game da hakan yana nan.

Zangon ƙarshe, Mahagiri Damba, shi ne mai raba mutum da ƙarfinsa. Matakalar ta miƙe kamar tsani, sai ka kama ƙarfen gefe da hannu biyu kana jan jikinka. Iska tana bugowa daga ƙasa, gumin da ka yi ya koma ƙanƙara a bayanka. Nan na zauna numfashina yana fita da ƙyar, gwiwoyina suna rawa. Sai ga tsohuwar nan an kawo ta, yanzu ɗaya daga jikokin ya goya ta a baya. Da suka zo daidai ni ta ce, "Karunawai." Na ce mata karunawai, na miƙe.

Mun isa sama wajen huɗu da rabi. Filin ƙololuwar ƙarami ne, bai fi tsakar gidan mai rufin asiri ba, an kewaye shi da katanga, kuma ya cika maƙil. Kowa ya cire takalmi da hula, simintin yana cizon tafin ƙafa don sanyi. A tsakiya akwai wani ƙaton dutse, a kansa an gina ɗan ɗaki, a cikin ɗakin sawun yake. Na bi layi. Ba a ɗaukar hoto. Abin da na gani wani loko ne a jikin dutse, tsawonsa ya kai na mutum a kwance, an gyara gefensa, an lulluɓe shi da ƙyalle, furanni da kuɗi a zube. Na gabana ya durƙusa ya ɗora goshinsa. Ni na tsaya a tsaye na duba, na yi wa Annabi Adamu sallama a zuciyata kamar yadda ake yi wa kowane annabi a ko'ina, na wuce. Limamin Buda da ke tsaye a wurin, cikin mayafinsa ruwan goro, ya ga ban durƙusa ba, ya matsa mini hanya kawai.

Ba zan ɓoye ba, yaron makarantar daren nan da ke cikina ya so ya ga yatsu biyar da dunduniya ƙarara. Bai gani ba. Da na faɗa wa Nana, sai ya ba ni labarin da mabiya Buda ke bayarwa: wai sawun na ainihi yana ƙarƙashin wannan dutsen, a kan wani ƙaton shuɗin yakutu aka taka shi, aka rufe don kada mutane su ɓata shi, na saman nan kwaikwayo ne. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Shekara ashirin ina ɗaga safaya a rana, ina haska ta da tocila, ina neman tsaga da gajimare a cikinta kafin in faɗi kuɗi. Ga mutane dubbai sun kwana suna hawa saboda wata safaya da ba wanda ya taɓa ɗaga ta a rana, ba kuma wanda ya nemi a tono masa ita ya gani.

A gefe akwai ƙararrawa. Al'adarsu kowa ya buga ta adadin zuwan da ya yi. Ni ban buga ba, don na ɗauke ta cikin ibadarsu. Amma na tsaya da aka kawo tsohuwar. Jikanta ya ɗaga mata hannu ta kama igiyar, na dinga ƙirgawa da gaɓoɓin yatsuna. Ashirin da uku. Da ta saki igiyar hawaye na bin kumatunta, bakinta yana motsi.

Alfijir ya keto muna can. Muka sauko 'yan matakalu ta ɓangaren yamma inda ba cunkoso, muka yi alwala da ruwan gora, Nana ya shimfiɗa mayafinsa. A gida mun saba alƙibla gabas take, har ma mukan ce mutum ya fuskanci gabas idan ana nufin ya yi salla. A Sarandib kuwa Makka tana yamma maso arewa. Saboda haka a daidai lokacin da taron nan duka ya juya gabas yana jiran rana, mu biyu muka ba ta baya muka kabbara. Wasu samari da ke zaune a wurin suka janye ƙafafunsu suka ba mu fili, ɗaya ya riƙe mana takalma kada a taka. Nana ya ja mu, ya karanta ayoyin Baƙara inda Adamu ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa aka karɓi tubarsa. Na sha jin ayoyin nan, amma ban taɓa jin su kamar a wannan asubar ba.

Muna sallamewa ganguna suka tashi a sama, da wata 'yar busa mai kukan algaita, ana kai hadayar safe. Rana ta ɓullo, taro ya ɗauki "sadu, sadu". Mu da muke ɓangaren yamma sai muka riga kowa ganin ɗaya abin da ake hawa dominsa. Inuwar dutsen ta faɗa a kan hazon da ke ƙasa, mai kusurwa uku, gefenta a miƙe sak kamar an ja da zare, alhali dutsen kansa ba haka yake a miƙe ba. Tana tsaye a sarari kamar wani dutsen na biyu. Rana tana ɗagawa tana matsowa tana gajarcewa, cikin abin da bai fi sulusin awa ba ta narke a gindin dutsen.

Da za mu sauka Nana ya ce kada mu koma ta inda muka zo, mu bi hanyar Ratnapura, wadda ta fi tsawo da wuya nesa ba kusa ba. Dalilinsa Ibn Battuta. Matafiyin nan na Tanja ta Maroko ya hau dutsen a 1344, kuma shi ne dai wanda bayan 'yan shekaru ya zo Mali da Takedda har ya ambaci Gobir da Barno. Ya ce ya hango dutsen daga teku kamar ginshiƙin hayaƙi. Ya ce hanyoyi biyu ne, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u, kuma wanda ya bi ta Mama mai sauƙi ba a ɗaukarsa ya yi ziyara. Ya ƙirga sarƙoƙin ƙarfe goma da ake kamawa a hau, ta goman sunanta sarƙar shahada, don wanda ya kai nan ya dubi ƙasa sai ya yi kalmar shahada saboda tsoro. Ya auna sawun ya ce taƙi goma sha ɗaya ne. A ƙasa da ƙololuwa kaɗan Nana ya nuna mini tsofaffin sarƙoƙi masu tsatsa a jikin dutsen, kusa da matakalar siminti ta yanzu. Na leƙa ramin da ke ƙarƙashinsu, na gane inda sunan ya samo asali.

Hanyar nan daji ce sosai, ba rumfuna da yawa, sai kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa. Daga tsaunukan nan kogunan Kelani da Kalu da Walawe suke tasowa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne robobi da ledojin da mutane suka watsar a gefen hanya, a dajin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2010. Matsattsaku ma suna nan kamar yadda Ibn Battuta ya faɗa, biyu sun kama ni a idon sawu inda ƙasa ke da laima.

A wani zango muka zauna muna cin waina ta garin alkama da kwakwa da yaji, na ce wa Nana ƙasarsu ta burge ni, addini huɗu a matakala ɗaya ba mai harara. Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Alhaji, a kan dutse haka ne." Ya ba ni labarin watan Yunin 2014, lokacin da aka tayar da tarzoma a Aluthgama da Beruwala, aka ƙona shaguna da gidajen Musulmi, aka kashe mutane, iyalinsa suka kwana a masallaci. Ya ba ni na Istar 2019, da wasu masu kiran kansu Musulmi suka tayar da bama-bamai a coci-coci da otal-otal suka kashe mutum fiye da 250, da irin kallon da aka dinga yi wa duk mai hula bayan nan. Ga yaƙin basasar da aka yi daga 1983 zuwa 2009. Ya ce amma a daren tarzomar, maƙwabcinsa mai bin Buda ne ya tsaya a ƙofar shagonsa har gari ya waye. Ni da na fito daga ƙasar da ta san irin wannan ciwo, ban sami abin cewa ba. Muka ƙarasa wainarmu muka tashi.

La'asar sakaliya muka iso Palabaddala, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Washegari a Ratnapura, garin da ma'anar sunansa birnin duwatsu masu daraja, muka shiga kasuwar titi inda mahaƙa ke buɗe 'yan ƙunshin farar takarda suna nuna abin da suka wanko daga tsakuwar kogi. Na sayi wata 'yar ƙaramar safaya mara tsada, mai gajimare a ciki, irin wadda a kasuwa ba zan waiwaye ta ba. Ruwan da ya gangaro daga tsaunukan nan ne ya ajiye ta inda aka same ta.

Malaminmu ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa ne ke riƙe da makarantar yanzu. Da na dawo gida na je na gaishe shi bayan Isha'i, na ba shi 'yar safayar, na ce tsarabar Sarandib ce. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce, "Alhaji, da gaske akwai wurin? Ka ga sawun?" Na gaya masa abin da na gani da wanda ban gani ba, da masu cewa na Buda ne, da masu cewa na Shiwa ne, da tsohuwa mai ƙararrawa ashirin da uku. Ya ce Allahu a'alamu. Sannan ya ce in nuna wa yara girmansa. Na karɓi kara na zana shi a kan yashin ƙofar zaure, almajirai suka ajiye allunansu suka kewaye, wani ƙarami ya sa ƙafarsa a ciki yana gwadawa.